Alƙahira Ta Adana Ɗakunan Marubutanta, Mu Wa Muka Bar Wa Namu?

Mutanen ƙasarmu ba baƙi ba ne a birnin Alƙahira. Tun ƙarni na 13 mutanen Kanem suka ba da dukiya aka gina wa ɗalibansu da alhazansu makaranta a can, wadda ake kira Madarasar Ibni Rashiƙ, daga baya kuma aka keɓe wa Barnawa nasu sashen a Masallacin Azhar. A yau ma jirgi ba ya rabo da kai ɗalibai da 'yan kasuwa da masu neman magani. Duk wanda ya je ya dawo, idan ka tambaye shi wuraren da ya ziyarta, jerin kusan ɗaya ne: Azhar, Masallacin Sayyidina Husaini, hubbaren Imamu Shafi'i, dalar Fir'auna da ke Giza, sai kasuwar Khanul Khalili don sayen tsaraba. Da wuya ka ji wanda ya ce ya shiga ɗakin kwanan Ahmad Shauƙi, ko ya tsaya a gaban teburin Ɗaha Husaini, ko ya ga tabarau ɗin Najib Mahfuz. Alhali kuwa shekara da shekaru ke nan ana karanta waɗannan mutane a sassan Larabci na jami'o'inmu da kwalejojinmu, ana cin jarrabawa da su, ana faɗuwa da su.

Wani taro na malaman adabi ne ya kai ni birnin. Da aka tashi sai na ware kwana uku, kowace rana gida guda. Abin da na fito da shi daga gidajen nan uku shi ne dalilin wannan rubutu. Littafin da aka buga yana nuna mana abin da marubuci ya kammala, ɗakinsa da takardunsa kuwa su suke nuna yadda ya yi aikin. Al'ummar da ta riƙe na farko ta yar da na biyu za ta iya haddace marubutanta, amma nazarinsu zai yi mata wuya, koyi da su kuwa ya fi wuya.

Garkar inabin Ibni Hani'

Gidan Ahmad Shauƙi yana Giza, a gaɓar Kogin Nilu. Shauƙi mawaƙin fada ne tun asali, a fadar Khidiwi Abbas Hilmi na Biyu ya yi suna. Da Turawan Ingila suka tuɓe ubangidansa a 1914, shi ma ba su ƙyale shi ba, suka kore shi zuwa Sifaniya, ya zauna a Basalona har aka gama Yaƙin Duniya na Ɗaya. Bayan dawowarsa a 1920 ne ya koma wannan gida, ya raɗa masa sunan tsohon gidansa na unguwar Maɗariyya, wato Karmatu Ibni Hani', ma'ana garkar inabin Ibni Hani', don tunawa da Abu Nuwas wanda sunansa na yanka Hasan ɗan Hani'. A 1927 mawaƙan ƙasashen Larabawa suka taru a Alƙahira suka naɗa shi Amirush Shu'ara, sarkin mawaƙa. Ya rasu a watan Oktoba na 1932, a 1977 kuma gwamnati ta buɗe gidan ga jama'a a matsayin gidan tarihi.

Gida ne na mai hali, ba ya ɓoye hakan. Akwai lambu, a cikinsa da mutum-mutumin mai gidan na tagulla. A ƙasa akwai falon baƙi da ɗakin karatu, da kuma ɓangaren da ya keɓe wa Muhammad Abdulwahab, matashin mawaƙin da ya ɗauka ya rena har ya zama gagarabadau a kiɗan Larabawa. A saman bene akwai ɗakin kwanansa da na uwargidansa, da lambobin yabo da kyaututtuka. Duk waɗannan ido na wucewa ta kansu cikin 'yan mintoci. Inda ƙafa take tsayawa shi ne wurin da aka ajiye takardun daftarinsa, fiye da 700, da rubutun hannunsa.

Ɗalibin da ya haddace Nahjul Burda, ƙasidar da Shauƙi ya yi a kan turbar Burdar Busiri, yakan ɗauka cewa baitocin haka suka sauko wa mai su a shirye, kamar ruwa daga indararo. Takardun nan suna faɗin wani abu daban. Ga kalma an soke ta an ɗora wata a kanta, ga rubutu ya karkace ya bi gefen takarda don wuri ya ƙure. Sarkin mawaƙa ma yana kuskuren zaɓe, ya dawo ya gyara. A ganina babu darasin da ya fi wannan amfani ga yaron da yake son ya yi rubutu, domin mafi yawan waɗanda suke ajiye alƙalami tun da wuri, suna ajiye shi ne saboda sun kwatanta gwajinsu na farko da aikin wani na ƙarshe.

Ramatan: gidan makahon da ya buɗe wa jama'a makaranta

Rana ta biyu na bi Titin Haram, hanyar da take kai mutum dalar Fir'auna, na ratse cikin unguwa zuwa Ramatan, gidan Ɗaha Husaini. Sunan yana nufin zango biyu, domin an tsara gidan ne ya ɗauke shi da ɗansa Mu'nis, kowa da ɓangarensa. A nan ya zauna daga tsakiyar shekarun 1950 har rasuwarsa a watan Oktoba na 1973. Bayan rasuwar matarsa Suzan a 1989 ne gidan ya koma hannun gwamnati, aka mayar da shi gidan tarihi.

Wanda ya karanta Al-Ayyam ya san farkon labarin. An haife shi a 1889 a wani ƙauye kusa da Magaga a lardin Minya. Ciwon ido ya kama shi yana ƙarami, wanzamin ƙauye ya yi masa maganin da ya ƙarasa idon. Ya haddace Alƙur'ani, ya shiga Azhar a 1902, ya koma sabuwar Jami'ar Masar da aka buɗe a 1908, a 1914 ya sami digirin digirgir da nazarinsa a kan Abul Ala al-Ma'arri, wani makahon irinsa. Daga nan ya tafi Faransa, ya sake wani digirin a Jami'ar Sobon a kan Ibnu Khaldun, ya auro Suzan wadda ta fara shiga rayuwarsa a matsayin mai karanta masa littattafai. Da ya zama ministan ilimi a 1950, ya mayar da karatun sakandare kyauta, bisa ra'ayinsa da ya shahara cewa ilimi haƙƙin kowa ne kamar yadda ruwa da iska suke.

Ɗakin karatunsa ya cika da littattafan Larabci da na Faransanci, kuma mai su bai taɓa ganin ko shafi ɗaya daga cikinsu ba. Kowane layi wani ne ya karanta masa, kowane littafi nasa shifta ya yi wa sakatare ya rubuta. Shi ya sa jimlolinsa suke da maimaici da kari irin na mai magana, har masu karatu suke gane salonsa ko da an ɓoye sunansa. Na sha faɗa wa ɗalibai wannan a aji, amma tsayuwa cikin ɗakin tana sa mutum ya fahimci cewa aikin Ɗaha Husaini aikin gayya ne: mata da sakatare da 'ya'ya, kowa da lokacin da yake ba da idonsa aro. A falo akwai garmaho da fayafayan kiɗan Turai, domin mutumin da ya rayu da kunne dole ne kunnen ya sami abincinsa.

Na san cewa da yawa daga malamanmu ba sa ga-maciji da Ɗaha Husaini, kuma suna da hujjarsu. Littafinsa a kan waƙoƙin Jahiliyya da ya fito a 1926 ya tayar da ƙura har maganar ta kai gaban mai gabatar da ƙara, aka janye littafin, ya sake fito da shi a 1927 bayan ya cire wasu wurare. Musɗafa Sadiƙ ar-Rafi'i da wasu manyan malamai sun yi masa raddi mai zafi. Duk da haka Masar ta adana gidansa, ta kuma ci gaba da buga raddin da aka yi masa. Adana takardun mutum ba yarda da ra'ayinsa ba ne. Mai son ya yi masa raddi na ilimi ma ya fi kowa buƙatar ya ga abin da ya karanta da abin da ya rubuta.

Najib Mahfuz a maƙwabtan Azhar

Na uku ba gidan zama ba ne. Najib Mahfuz ya ƙare rayuwarsa a wani gidan bene na haɗaka a unguwar Ajuza, don haka da aka tashi yi masa gidan tarihi sai aka zaɓi Takiyyar Muhammad Bek Abuz Zahab, ginin waƙafi da aka yi a 1774 dab da Masallacin Azhar. An yanke shawarar tun shekarar rasuwarsa, 2006, amma ba a buɗe wurin ba sai a watan Yuli na 2019. Shekara 13 ana jira, wanda yake nuna cewa jan ƙafa ba a ƙasarmu kaɗai yake da gida ba.

Zaɓin wurin ya dace. A unguwar Jamaliyya, tafiyar 'yan mintoci daga nan, aka haife shi a watan Disamba na 1911, kuma daga lungunan wannan yanki ya samo sunayen littattafansa. Bainal Ƙasraini da Ƙasrush Shauƙi da Sukkariyya, littattafai uku a jere da suka fito a 1956 da 1957, duk sunayen tituna ne da mutum zai taka da ƙafarsa. Haka Zuƙaƙul Midaƙ, ɗan lungun da bai kai tsawon layi guda na Kasuwar Kurmi ba. Mutum yakan fito daga gidan tarihin ya tsallaka titi ya faɗa cikin littattafan kai tsaye, ya zauna a shagon shayi na Fishawi inda marubucin ya sha zama.

A cikin ɗakunan sama an jera tabarau ɗinsa da hularsa da alƙalumansa da tufafinsa, da shaidar kyautar Nobel da ya samu a 1988, marubuci na farko da ya same ta da rubutun Larabci. Bai je Suwidin karɓa ba, 'ya'yansa mata biyu ne suka wakilce shi. Kayan nan na ma'aikacin gwamnati ne, kuma abin da ya kasance ke nan har ya yi ritaya a 1971. Yakan tashi daga ofis ya huta, ya zauna ya yi rubutu a ƙayyadadden lokaci, idan bazara ta shigo ya dakata saboda ciwon ido. Da wannan tsari ya fitar da ƙagaggun labarai fiye da 30. A watan Oktoba na 1994 wani matashi ya daɓa masa wuƙa a wuya saboda littafinsa Auladu Haratina, jijiyar hannunsa na dama ta taɓu. Yana da shekara 82 ya koma koyon riƙe alƙalami kamar ɗan aji ɗaya, ya kuma ci gaba da fitar da gajerun labarai har ƙarshen rayuwarsa.

Sai dai akwai giɓi a wannan gida, kuma shi mai gidan ne ya jawo shi. Mahfuz ba mai ajiye daftari ba ne, da ya gama littafi ya miƙa wa maɗaba'a ba ya waiwayen takardun. Saboda haka abin da Shauƙi ya bari da yawa, a wurin Mahfuz kaɗan ne. A ƙarshen 2011 wasu takardunsa suka ɓulla a kamfanin gwanjo na Sotheby's a Landan, aka yi ta ce-ce-ku-ce har aka fasa sayarwar. Takardar da mai ita ya ɗauka shara ce, bayan ransa ta zama abin da ƙasa guda take kishi a kai.

Abin da ya salwanta, da wani Bakatsine

Kada mai karatu ya ɗauka Alƙahira ba ta yin asara. Ummu Kulsum, wadda ta rera ƙasidun Shauƙi har suka shiga kowane gida, ta rasu a 1975. Ba a daɗe ba aka sayar da gidanta na unguwar Zamalik aka rushe, a yau otal ne a wurin, ɗauke da sunanta. Sai a 2001 aka tattara abin da ya rage na kayanta aka buɗe mata gidan tarihi a tsibirin Rauda. Wataƙila irin wannan asara tana cikin abin da ya sa hukuma ta ɓullo da wani shiri mai sauƙin kuɗi: ana manna ɗan allo a jikin gini, a rubuta cewa wane ya zauna a nan, da shekarar haihuwarsa da ta rasuwarsa. Ba a karɓe gidan daga hannun masu shi, ba a tashi kowa ba, amma duk yaron da ya wuce zai karanta.

Akwai kuma wani gida a birnin da ya shafe mu kai tsaye, ko da yake ba ya cikin jerin wuraren ziyara. Muhammad ɗan Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, malamin Katsina masanin lissafi da taurari, ya yi aikin hajji ya sauka a Alƙahira, ya rasu a can a 1741 a gidan Shaihu Hasan al-Jabarti, ya kuma bar littattafansa a hannunsa. Ɗan mai gidan, Abdurrahman al-Jabarti, shi ya zama babban marubucin tarihin Masar, ya kuma sanya labarin baƙon mahaifinsa a littafinsa. Yawancin abin da ake faɗa a kan wannan malami a tarukanmu a yau daga can ya fito, rubuce-rubucensa kuma suna ɗakunan ajiya na Alƙahira da Landan. Da a ce gidan da ya sauka ba gidan masu ajiye takarda ba ne, da sunansa ya bi iska kamar na ɗaruruwan takwarorinsa.

To, mu fa?

A shekarar da aka haifi Najib Mahfuz a Jamaliyya aka haifi Abubakar Imam a Kagara. Imam ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar 1933, ya zauna a Zariya a 1936 ya rubuta Magana Jari Ce, ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a watan Janairu na 1939, ya rasu a 1981. Da wuya a sami ɗan boko a ƙasar Hausa da bai bi ta hannunsa ba. Na tambayi ɗalibaina na ajin ƙarshe ko akwai wanda ya taɓa ganin shafi guda na rubutun hannun Imam, ko da hotonsa ne. Babu wanda ya ɗaga hannu. Manazarta sun daɗe suna muhawara a kan yadda Imam ya ɗauko labarai daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turai ya sa musu rigar Hausa, da kuma iyakar hannun Rupert East a cikin gyaran aikin. Irin wannan muhawara daftari da wasiƙu ne suke raba ta, ra'ayi ba ya raba ta.

Ɗaha Husaini ya tuna mini da Aliyu Namangi, makahon Zariya mai Imfiraji, wanda ya tsara dubban baitoci da ka, wasu suka rubuta da ajami, almajirai suka yaɗa su a kasuwanni da ƙofofin gidaje kafin a buga su da boko. Su wane ne suka ba shi aron idonsu? Kwafin farko yana hannun wa? Haka za a tambaya game da Sa'adu Zungur a Bauchi, da Mu'azu Haɗeja, da Aƙilu Aliyu mai Fasaha Aƙiliya, da Bello Kagara mai Ganɗoki. Jikokinsu suna nan da rai, wasu daga almajiransu ma suna nan. Bayan shekara 20 ba lallai ne a sami wanda za a tambaya ba.

Ba wai ba mu iya adanawa ba ne. Gidan Sardauna a Kaduna ya zama Gidan Arewa tun 1970, cibiyar bincike a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Gidan Mambayya na Malam Aminu Kano a Gwammaja yana hannun Jami'ar Bayero. A hubbaren Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi an ajiye wasu kayansa. A Kano har gidan Ɗan Hausa, Baturen da ya buɗe makarantar boko a Nassarawa a 1909, yana nan ana ziyarta. Amma a duba da kyau: Tafawa Ɓalewa ya rubuta Shaihu Umar, Malam Aminu ya rubuta Motsi Ya Fi Zama da wasannin kwaikwayo, sai dai ba alƙalaminsu ne ya sa aka adana wurarensu ba, siyasa ce. Wanda bai riƙe mulki ba, bai jagoranci jam'iyya ba, takardunsa suna cikin adaka a ƙarƙashin gado, tsakanin gara da yoyon damina da gobarar hunturu.

Misalin da ya fi ƙarfafa mini gwiwa daga Sakkwato yake. Nana Asma'u ta rasu a 1864, amma zuriyar mijinta Waziri Giɗaɗo ta riƙe rubuce-rubucenta hannu bayan hannu har zuwa kan Waziri Junaidu, wanda ya buɗe wa masu bincike ɗakin karatunsa. Da haka Jean Boyd da Beverly Mack suka iya fitar da tarin ayyukanta a 1997. Babu kasafin gwamnati a cikin wannan riƙo na fiye da ƙarni guda. Gida ne ya ɗauki takarda a matsayin amana.

Uzurorin da ake kawowa

Nakan ji uzuri iri uku idan na ta da wannan magana, kuma kowanne yana da nauyinsa. Na farko na addini ne: ana tsoron kada abin ya zama girmama gumaka ko wuce iyaka a kan mamaci. Wannan tsoro yana da asali, kuma ba dole ne mu kwaikwayi lambun Shauƙi ba. Ba mutum-mutumi muke buƙata ba. Takarda da alƙalami da gafaka da buzun da malam ya zauna a kai sun isa, kuma babu wanda zai je neman tubarraki a jikin keken rubutu.

Na biyu na gado ne, kuma shi ya fi wuya. Gida haƙƙin magada ne, cikinsu akwai marayu da matan da ba su da wani matsuguni, babu mai ikon karɓe musu da sunan tarihi. Ga shi kuma gidan Bahaushe ba wurin da baƙo zai kutsa har ƙurya ba ne. Amma tsarin gidanmu da kansa ya ba da mafita, domin malam a zaure ko a soro yake aikinsa, wurin da dama can na baƙi ne. Zaure guda ya wadatar. Shari'a kuma ta buɗe ƙofar wasiyya har zuwa kashi ɗaya cikin uku na dukiya, ta buɗe ƙofar waƙafi, kuma ginin da yake ɗauke da kayan Mahfuz a yau waƙafin wani ne na shekara 250 da suka wuce. Babban haɗarin yana ranar rabon gado. Littattafanmu na ajami warwara suke, ba ɗinki, sau da yawa akan kasa su kamar yadda ake kasa hatsi, wannan ya ɗauki farkon littafi, wancan ya tafi da ƙarshensa wani gari. Daga ranar littafin ya mutu, ko da kowane shafi yana nan.

Na uku shi ne halin da ƙasa take ciki: ana fama da yunwa da rashin tsaro, wa yake ta tsohuwar takarda? Amsata ita ce gara ba ta jiran a sami zaman lafiya. Hanya idan ba a gina ta bana ba, ana iya gina ta baɗi, takardar da ta ƙone kuwa ta tafi ke nan. Kuma kuɗin da ake magana bai kai na bikin ƙaddamar da littafi guda ba. Gaskiya ne a gidajen nan uku ban tarar da cunkoso ba, a Ramatan ma ni kaɗai nake zagayawa na tsawon lokaci. Amma ba da yawan masu shiga ake auna irin wannan wuri ba. Rijiya ce, ranar da mai ƙishirwa ya zo ya tarar da ruwa, ta biya kuɗin haƙa ta.

Abin da za a iya farawa da shi

Takarda ta riga bango. Sassan harsunan Nijeriya da na Larabci da na tarihi a jami'o'inmu suna yaye ɗaruruwan masu digiri na biyu a kowace shekara, da yawansu suna maimaita nazarin jigo da salo a kan littattafan da aka riga aka tatse. Me zai hana a amince wa ɗalibi ya ɗauki marubuci guda, ya je gidansa da ladabi da izinin iyalinsa, ya lissafa duk abin da ya bari, ya ɗauki hoton kowane shafi, ya naɗi muryar matansa da almajiransa, a karɓi wannan a matsayin kundin digirinsa? Asalin takardun su zauna a hannun masu su, jami'a ta riƙe kwafi, iyali su riƙe kwafi. Iyalan da suka ga an girmama mahaifinsu ba tare da an raba su da kayansa ba, su da kansu za su buɗe sauran akwatunan.

Bayan haka sai allon bango. Ƙungiyoyin marubuta na jihohi, tare da masarautu da hukumomin tarihi da al'adu, za su iya manna allo a ƙofar gidan kowane marubuci da mawaƙi da aka tabbatar, da boko da ajami. Malamin firamare ya sami inda zai kai yara ranar Alhamis, yaron unguwa ya san cewa littafin da ake karanta masa a aji a lungunsu aka rubuta shi, mutum ne kuma irin babansa ya rubuta.

Kira na ƙarshe ga marubutanmu da suke raye. Waɗanda suka tayar da adabin kasuwar Kano tun shekarun 1980, irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa da ɗimbin abokan tafiyarsu, sun riga sun shiga tarihi, kuma ɗaya daga manyan tarin littattafan wannan zamani yana ɗakin karatu na SOAS a Landan. Littattafan rubutu na makaranta da aka yi daftarin farko a cikinsu, da rasiɗan maɗaba'a, da wasiƙun masu karatu, duk kayan tarihi ne, kada a ba mai ƙosai. Matasan da suke rubutu a waya suna sakawa a Facebook da WhatsApp, nasu haɗarin ya fi na kowa, domin ranar da waya ta faɗa ruwa ko aka rufe shafi, aikin shekaru ya tafi ba tare da ko toka ba. A riƙa ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya, a riƙa buga wani a takarda, a rubuta kwanan wata a kai.

Wanda kuma Allah Ya nufa da zuwa Alƙahira, bayan ya yi sallah a Azhar ya taka 'yan taku zuwa Takiyyar Abuz Zahab, kuɗin shiga bai taka kara ya karya ba. Idan ya dawo gida, ya tambayi dattawan gidansu inda aka ajiye adakar kakansa, ya buɗe ta kafin damina ta sauka. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu ikon riƙe amanar da suka bari.